Sukar gwamnatin Isra'ila da ƙin jinin Yahudawa: ina iyakar take?

Tambaya: Baba Malam, barkanku da wuni. Ni ɗalibi ne ɗan Asawase, ina aji biyu a jami'a a nan Kumasi. Na tura wani hoto kan Gaza a zauren WhatsApp na ajinmu, sai wata 'yar ajinmu ta ce abin da na tura ƙin jinin Yahudawa ne, mai kula da zauren kuma ya goge shi. Shin yanzu duk wanda ya soki Isra'ila ya zama maƙiyin Yahudawa ke nan? Na kuma ji an ce kalmar da Turawa ke faɗi, antisemitizim, tana nufin ƙin zuriyar Samu ɗan Annabi Nuhu. To ai Larabawa ma zuriyarsa ne. Ga hoton nan na haɗo muku.

Amsa: Ɗana, lafiya ƙalau, Allah ya yi albarka. Na duba hoton da kyau, har sai da na ɗauko tabarau. A sama ga yaro zaune a kan ɓaraguzan gida, da rubutu cewa a tsagaita wuta, a daina sayen kayan kamfanonin da ke aiki a matsugunan da aka gina a Yammacin Kogin Jodan. A ƙasa kuma ga wata dabbar teku mai hannu takwas, da tauraro mai tsini shida a goshinta, ta naɗe duniya: hannu ɗaya a kan banki, ɗaya a kan talabijin, ɗaya a kan fadar shugaban Amurka. Can ƙasa ga fuskar Hitila da wata magana, wai ya ce ya bar wasu Yahudawa da rai ne don duniya ta gane dalilin da ya sa ya kashe sauran.

Amsarka kashi biyu ce, kamar hoton. Sukar gwamnatin Isra'ila ba ƙin jinin Yahudawa ba ce, kuma wanda ya ce maka haka ne, bakinka yake son rufewa. Amma rabin hotonka na ƙasa babu gwamnatin da ya soka, kuma a kansa 'yar ajinku ta fi ka gaskiya. Na san ba haka ka so ji ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da tarihi, ban taɓa ganin ɗalibin da lallami ya amfana ba.

Bari mu kawar da maganar Samu tukuna, don ba ta da nauyi. Wani ɗan jarida Bajamushe, Wilhelm Marr, shi ya yayata kalmar a 1879, har ya kafa ƙungiya da sunanta. Balarabe ko Bahabashe ba sa gabansa, Yahudawan Jamus yake nufi. Ya zaɓi kalmar ne don ta yi ƙamshin ilimi, ta kuma nuna cewa da jininsu yake faɗa, wato ko Bayahude ya bar addininsa ya shiga coci bai tsira ba. Tun daga nan ma'anarta ke nan. Kalma ba ta zama inda aka haife ta. Zango ma asalinsa masaukin fatake ne, yau wa ka gani yana ɗaure jaki a Aboabo?

Abin da ya sa na gane rabin hotonka na ƙasa da kallo ɗaya shi ne wannan ƙiyayyar tana da tatsuniyoyinta na gado, kuma ba su cika canza kaya ba. A garin Nowic na Ingila a 1144 aka tsinci gawar wani yaro, aka ce Yahudawa ne suka kashe shi don tsafin addininsu. Daga nan ƙaryar ta girma ta zama wai suna kwaɓa gurasa da jinin yaran Kirista. Da annoba ta afka wa Turai a 1348, aka ce su ne suka zuba guba a rijiyoyi, aka ƙone su a garuruwa da dama. A wurare da yawa an hana su mallakar gona da shiga ƙungiyoyin masu sana'a, aka bar musu ba da rance, sannan aka juyo aka ce ba su san komai ba sai kuɗi. Ingila ta kore su a 1290, Sifaniya a 1492, Sarkin Musulmin Usmaniyya Bayazid na Biyu ya karɓi da yawa daga cikinsu. Duk wannan ya faru ɗaruruwan shekaru kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Ka riƙe wannan, domin shi ne hujja mafi sauƙi cewa ƙiyayyar ba ta jiran wata gwamnati ta yi laifi.

Uwar tatsuniyoyin ita ce ta cewa wasu 'yan tsirarun Yahudawa ne ke juya duniya a ɓoye. Akwai littafin da ya yaɗa ta, wanda a Larabce aka sani da Burutukulatu Hukama'i Sahyun. Na taɓa ganin kwafinsa a shimfiɗe a tabarmar wani mai sayar da littattafai a bakin masallaci, tsakanin littattafan fiƙihu, bangonsa ya sha rana ya koɗe. Na tambayi mai tabarmar ko ya san asalinsa, ya ce ai daga ƙasar Larabawa aka kawo, kamar wannan ya wanke shi. Asalinsa daga Rasha ne, a can aka fara buga shi a 1903, aka ce wai bayanan taron sirri ne na dattawan Yahudawa. A 1921 wakilin jaridar The Times ta Landan a Istanbul, Philip Graves, ya jera shafukansa kusa da na wani littafin Faransanci na 1864 wanda wani lauya, Maurice Joly, ya rubuta don zambo ga Sarki Napoleon na Uku. Sai ga shi an kwafe sassa da dama kusan kalma da kalma. Littafin Joly ba kan Yahudawa yake magana ba. Masu jabun sun cire sarkin Faransa ne kawai suka sa Bayahude a gurbinsa. Wata kotu a Bern ta Suwizalan ta ce jabu ne a 1935. Duk da haka 'yan Nazi suka cusa shi cikin farfagandarsu, aka kuma fassara shi zuwa Larabci, ya bi hanyar alhazai da ɗalibai har ya iso tabarmar nan. Dabbar tekun da ke hotonka wannan littafin ne aka mayar zane, kuma irin zanen da aka riƙa bugawa ne a Jamus a shekarun 1930.

Maganar Hitila kuwa ƙage ce, ba a same ta a jawabansa ko rubutunsa ba. Ko da ya faɗa, ina ruwan ɗan Zango da yabon mutumin da ya ɗauki baƙar fata rabin biri? A 1937 gwamnatinsa ta yi wa ɗaruruwan yara 'yan Jamus masu jinin Afirka aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya. A watan Yunin 1940, a ƙauyen Chasselay kusa da Liyon, sojojinsa sun ware fursunonin yaƙi baƙaƙe 'yan Afirka ta Yamma daga Turawa suka bindige su. Kakanninku da suka shiga soja a nan, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, sun je Habasha da Bama sun yaƙi abokan ƙawancensa. Sunan barikin Burma Camp a Ankara, babban birnin Gana, daga nan ya samo asali. Mutumin da ya kashe Yahudawa miliyan 6 da ya sami dama ba zai bar mu ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Yanzu mu dawo gida, domin mu mutanen Zango ba mu buƙatar Bature ya koya mana wannan bambancin, a fatarmu muka koye shi. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Ka tambayi tsofaffin unguwarku yadda aka karyar da gadaje da kekunan ɗinki, yadda mutanen da aka haifa a nan suka hau manyan motoci zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Har gobe muna cewa wannan doka zalunci ce, kuma ba wanda zai ce don mun faɗi haka mun tsani ƙabilar Busia. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi nata korar, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo da jakunkunan nan da har yau ake kira da sunan abin. Wanda ya ce Shagari ya yi kuskure ya yi suka. Wanda ya ce ai halin Hausa-Fulani ke nan, sannan ya je Alabar ya kifar da tiren wani mai goro da bai san hawa ba bai san sauka ba, wannan kai ma ka san sunan abin da ya yi. Haka batun Agogo: makiyayi ɗaya ya yi ɓarna a gona, sai a wayi gari Bafulatanin da ke sayar da waya a Kejetia yana amsa tambayoyi. Mun san zafin kuɗin goro. Abin da rabin hotonka na ƙasa ya yi wa Yahudawa ke nan.

Yahudawan duniya ba su wuce miliyan 15 zuwa 16 ba, kuma fiye da rabinsu ba a Isra'ila suke zaune ba. A cikin Isra'ilar ma kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasa Larabawa ne. Saboda haka "Yahudawa" da "'yan Isra'ila" da "gwamnatin Isra'ila" abu uku ne, duk da bakinmu ya saba haɗa su a loma ɗaya.

Suka tana da suna, da rana, da wuri, kuma ana iya bin diddiginta. Ga misali. A watan Satumban 1967, watanni kaɗan bayan yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, lauyan ma'aikatar harkokin wajen Isra'ila da kansa, Theodor Meron, wanda ya tsira daga hannun 'yan Nazi yana yaro, ya rubuta wa gwamnatinsa cewa zaunar da farar hula a yankunan da aka mamaye ya saɓa wa Yarjejeniyar Janiba ta Huɗu, wadda ke kare farar hula a lokacin yaƙi. A Disamban 2016 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗi haka a ƙuduri mai lamba 2334, ƙasashe 14 suka amince, Amurka ta ƙaurace. Ranar 19 ga Yulin 2024 Kotun Duniya da ke Heg ta ba da ra'ayinta cewa ci gaba da mamayar haramun ne a dokar ƙasa da ƙasa. Ƙungiyar kare haƙƙi ta B'Tselem, wadda 'yan Isra'ila suka kafa, ta kira tsarin da wariyar launin fata irin ta Afirka ta Kudu a Janairun 2021, kafin Human Rights Watch da Amnesty su faɗa. A 2023 dubban ɗaruruwan 'yan Isra'ila sun cika tituna mako bayan mako suna adawa da shirin Firayim Minista Netanyahu na rage ƙarfin kotuna. Mutum na iya yarda da waɗannan ko ya musanta su da hujja. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ce duk waɗannan mutane jinin Yahudawa suka tsana.

Ƙasarmu ma ta taka wannan igiyar. Nkrumah ya karɓi Golda Meir, ministar harkokin wajen Isra'ila a lokacin, a Ankara a 1958, ya kafa kamfanin jiragen ruwa na Black Star Line tare da kamfanin Zim na Isra'ila, sannan a Janairun 1961 ya sa hannu a sanarwar Kasabalanka wadda ta kira Isra'ila makamin mulkin mallaka. Gana ta yanke hulɗa da ita a Oktoban 1973, ta maido a 1994. Ɗan garin nan, Kofi Annan, lokacin yana Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, a Maris na 2002 ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu ya gaya wa Isra'ila cewa tana da haƙƙin zama lafiya amma dole ta kawo ƙarshen haramtacciyar mamaya. Shi ɗin dai a Yunin 2004 ya buɗe taron farko da Majalisar ta taɓa keɓe wa matsalar ƙin jinin Yahudawa, kuma a zamaninsa aka tsayar da 27 ga Janairu ranar tunawa da kisan kiyashin da aka yi musu. Bai ga karo tsakanin biyun ba. Ni ma ban gani ba.

Inda kake da gaskiya, kuma ba zan rage maka ita ba, shi ne ana amfani da wannan zargi a matsayin sanda. Lokacin da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta fitar da sammacin kama Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant a Nuwamban 2024, ofishin Netanyahu ya ce ƙin jinin Yahudawa ne, ya kamanta abin da shari'ar Dreyfus, hafsan sojan Faransa Bayahude da aka yi wa ƙagen cin amanar ƙasa a 1894. Amma Dreyfus ƙaramin hafsa ne da ba shi da kowa, aka ɗaure shi kan takardar da ba shi ya rubuta ba. Firayim minista mai rundunar soja a hannu ana tambayarsa ne kan umarnin da ya bayar. Kotun kuma a rana ɗaya ta fitar da sammacin kwamandan Hamas, Muhammad Deif, sannan cikin masanan da suka ba mai gabatar da ƙara shawara akwai Meron ɗin nan da na ambata. Don haka zargin ofishin Netanyahu fakewa da guzuma ne a harbi karsana.

Rigimar ta kai har ga yadda za a fassara kalmar. A Mayun 2016 wata ƙungiyar ƙasashe mai kula da tunawa da kisan kiyashin, IHRA, ta amince da wata ma'ana mai misalai 11, bakwai daga ciki sun shafi Isra'ila. Takardar da kanta ta ce sukar Isra'ila irin wadda ake yi wa kowace ƙasa ba ƙin jinin Yahudawa ba ce. Sai dai wasu misalan nata suna da faɗi, kamar na cewa kafuwar ƙasar aikin wariya ne, ko na auna ta da ma'aunin da ba a auna wasu da shi. Kenneth Stern, lauya Bayahude ɗan Amurka da ya jagoranci rubuta asalin ma'anar, ya fito a 2019 ya ce an mayar da ita makamin toshe bakin ɗalibai da malamai a jami'o'i, alhali don tattara alƙaluma aka yi ta. A Maris na 2021 masana kusan 200, da yawansu Yahudawa masu nazarin tarihin kisan kiyashin, suka fitar da Sanarwar Ƙudus. A ganina ta fi tsabta. Ta ce goyon bayan 'yancin Falasɗinawa, ko ƙaurace wa kaya, ko neman ƙasa ɗaya mai daidaito ga kowa tsakanin kogi da teku, ba ƙiyayya ba ne a karan kansu. Ta kuma ce ɗora wa kowane Bayahude alhakin abin da Isra'ila ta yi, ko tilasta masa ya fito ya la'ance ta don kawai shi Bayahude ne, ko hana Yahudawan da ke can haƙƙin rayuwa a matsayin Yahudawa daidai da kowa, wannan ƙiyayya ce. Kan ƙaurace wa kaya har Turawa ba su daidaita ba: majalisar dokokin Jamus ta yi tir da kamfen ɗin a 2019, amma a 2020 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce Faransa ta tauye 'yancin masu fafutukar da ta hukunta saboda kiran a ƙaurace.

Batun Sahyoniyanci shi ne inda ƙasa ke da santsi. Aƙida ce ta siyasa ta kafa wa Yahudawa ƙasarsu a Falasɗinu, wadda Theodor Herzl ya haɗa mata taron farko a Basel a 1897, kuma tun ranar farko akwai Yahudawan da suka ƙi ta, wasu don addini, wasu don siyasa. Abin da nake so ɗalibaina su riƙa tunawa shi ne 1917. Bayahude ɗaya tilo a majalisar ministocin Birtaniya a lokacin, Edwin Montagu, shi ya fi kowa yaƙar Alkawarin Balfour, wato alkawarin Birtaniya na goyon bayan kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu. Shi kuwa Balfour mai alkawarin, gwamnatinsa ce a 1905 ta yi dokar taƙaita shigar baƙi, wadda Yahudawan da ke gudun kisa daga Rasha ta fi shafa. Ka ga ana iya son ƙasar Isra'ila ba a son Bayahude a maƙwabta, ana kuma iya ƙin aƙidar alhali mutum Bayahude ne ɗan Bayahude. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Ga Yahudawa da yawa a yau, kalmar ba ta wuce nufin a sami wuri ɗaya a duniya da ba za a sake korar su ba. Kuma wasu sun gano cewa in suka cire "Bayahude" suka sa "Basahyone" a tsohuwar tatsuniya, sai ta wuce ba a tare ta ba. In ka ji an ce Sahyoniyawa ne suka mallaki bankunan duniya, su suka ƙirƙiro korona, su ke juya kowace gwamnati, to wancan littafin na kan tabarma ne ya sake riga.

Zargin ma'auni biyu ban cika ɗaukarsa hujja ba. Ba a ce sai mutum ya yi kukan kowace gawa kafin ya yi na wadda ta taɓa zuciyarsa ba, kuma Masallacin Ƙudus da tabon mulkin mallaka sun isa dalili a wurinmu. Amma tsakanina da kai, tambaya ce da ya kamata mu yi wa kanmu. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba mutum sama da miliyan 10 da gidajensu. A 2022 an kashe Hausawa 'yan uwanmu da yawa a rikicin jihar Bulu Nayil. Hoto nawa ka tura a kansu? Ban ce ka rage na Gaza ba.

Sai harshenmu na yau da kullum. Kwanan baya a bes ɗin samarin layinmu, ana zuba ataya, wani ya ƙi ba da sidi biyar na sukari, sai abokinsa ya ce, "Kai dai Bayahude ne wallahi." Aka yi dariya, ni ma na wuce. Babu ɗayansu da ya taɓa ganin Bayahude ido da ido. Haka a zanga-zanga za ka ji ana rera "Khaibar, Khaibar, ya Yahud". Wannan kirarin bai ambaci minista ko janar ba, Yahudu ya kira. Haka masu cewa su koma Turai inda suka fito: kaso mai yawa na Yahudawan Isra'ila iyayensu daga Bagadaza da San'a da Fas da Alƙahira suka fito, bayan 1948, wasu da son ransu, da yawa don zama ya gagara. Kamar yadda aka raba Falasɗinawa kusan 700,000 da gidajensu a 1948, kuma wannan zalunci ne da har yau ba a gyara ba, haka waɗannan ma ba su da gidan da za su koma.

Kada mu ce cutar ta Turai ce kaɗai. Gaskiya ne Yahudawa sun fi samun sauƙi a ƙasashen Musulmi fiye da Turai a mafi yawan ƙarnoni, kuma lokacin da ƙaryar jini ta ɓulla a Dimashƙa a 1840, ƙaramin jakadan Faransa ne ya rura ta, Sarkin Musulmin Usmaniyya Abdulmajid ya fitar da takardar ƙaryata ta. Amma muna da namu tabon. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa kuma muke girmama iliminsa, shi ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawa a Tamantit ta yankin Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau, a ƙarshen ƙarni na 15. Alƙalin yankin, Al-Asnuni, ya saɓa masa, ya ce suna da alkawarin amana. A Bagadaza a Yunin 1941 an kashe Yahudawa sama da 100 cikin kwana biyu. Kundin Hamas na 1988 ya kafa hujja da wancan littafin jabu ƙarara. Takardarsu ta 2017 ta ce faɗansu da Sahyoniyanci ne, ba da Yahudawa don addininsu ba, wanda ke nuna su ma sun san akwai bambanci. Sai dai ranar 7 ga Oktoban 2023 an kashe mutum kusan 1,200, mafi yawansu farar hula, aka tafi da kusan 250. Wanda ya yi murna da kisan tsohuwa a ɗakinta ba sukar manufa yake ba, kamar yadda wanda ya ce babu marar laifi a Gaza, bayan an kashe dubun dubatar mutane an rushe garuruwa, shi ma kuɗin goron yake yi.

Kai ɗan makaranta ne, ka san ayar Ma'ida ta 8, cewa kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yin adalci. Ka san inda Ali Imrana ta ce game da Ma'abota Littafi, laisu sawa'an, ba ɗaya suke ba. Ka san hadisin da aka wuce da gawa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne? Ban kawo maka wani sabon abu daga waje ba.

Kuma maganar ba ta tsaya a baki ba. A Tuluz ta Faransa a 2012 wani ya shiga makarantar Yahudawa ya harbe malami da yara uku, ya ce fansar yaran Falasɗinu yake ɗauka. A Janairun 2015 wani ya kashe mutum huɗu a wani kantin Yahudawa a Faris. A kantin nan akwai ma'aikaci Musulmi ɗan Mali, Lassana Bathily, saurayi kamar ka, wanda ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi na ƙasa, ya kashe injin, ya sulale ya je ya yi wa 'yan sanda bayanin yadda ginin yake. A nan Gana ma akwai 'yar ƙaramar al'ummar Yahudawa a Sefwi Wiawso, baƙaƙe kamar mu, manoma, masu ɗan ɗakin ibadarsu. Duk lokacin da za ka tura wani abu da ke cewa "Yahudawa", ka sa fuskar manomin koko na Sefwi a gabanka, ka ga ko maganar ta hau kansa. In ba ta hau ba, ka gyara ta ta koma kan mai ita. Ka kuma tambayi kanka: in gobe aka janye daga Yammacin Kogin Jodan, aka buɗe Gaza, aka ba Falasɗinawa haƙƙinsu, maganar nan tawa za ta mutu? Rabin hotonka na sama zai mutu ranar, don buƙatarsa ta biya. Dabbar tekun kuwa za ta ci gaba da yawo, don ta girmi Isra'ila.

Ga abin da nake so ka yi. Ka yanke hoton biyu, ka jefar da na ƙasa. Ka rubuta wa 'yar ajinku layi biyu cewa ta yi gaskiya kan zanen da maganar Hitila, ba ka san asalinsu ba. Wannan ba zai rage ka da komai ba. Sannan ka sake tura na sama, ka ƙara masa ranar ra'ayin Kotun Duniya, 19 ga Yulin 2024, da kuma cewa ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da jerin kamfanoni 112 masu aiki a matsugunan a Fabrairun 2020, don kada kiran ƙauracewar ya zama harbin iska. In mai kula da zauren ya sake gogewa, ka tambaye shi cikin ladabi wane layi ne ya taɓa Yahudawa a matsayinsu na Yahudawa. Ka kawo mini amsarsa ranar Juma'a. Ina zama wurin mai shayin bayan masallaci har la'asar.